Lawal Mai Wayarin da Fitilun Ƙofar Honarabul

Shekara ashirin da ɗaya ke nan cif da muka ɗauki Lawal Mai Wayarin daga Ƙofar Kwaya muka kai shi makwancinsa. Na ce cif don ni ke ƙirgawa, kuma ba da tasbaha nake ƙirgar ba, da haƙora nake yi. Kowace shekara in ranar ta zagayo sai in cije baki har ɗaya ya girgiɗe. Shi ya sa in kun gan ni yanzu bakina ya koma kamar tsohuwar ganuwa, nan a tsaye, can a zube. Likita ya ce tsufa ne. Ni na san ba tsufa ba ne, maganar da na haɗiye ce take cin dasashi. To bana na tofar da ita, kuma ga ta nan zan shimfiɗa maku.

Lawal taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Mutum ne siriri kamar wayar da yake ja, in ya hau tsani sai ka rantse tsani biyu aka jingina. Ba ya da surutu. Ni kuwa Allah ya ba ni nawa ya haɗa mani da nashi, shi ya sa zamanmu ya yi daɗi: shi ya yi aiki, ni in ba da labarin aikin, in ƙara gishiri da yaji.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu wayarin na garin nan shi ne, ba ya zuwa ganin aiki sai da matarsa Rabi. Kun san gidajenmu na cikin birni, ba a shiga. Mai wayarin zai tsaya a zaure, maigida ya ce a sa ƙwan lantarki nan, a sa can, alhali maigidan nan rabonsa da madafa tun ranar da aka yaye shi. Bai san inda ake tsintar shinkafa ba, bai san lungun da ake kitso ba, bai san ta ina tsohuwarsa ke bi da buta ba. Lawal ya ce wannan aikin makafi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake yi mashi yoyo. Sai ya riƙa tura Rabi ciki ta zauna da matan gida tun la'asar har rana ta yi ja, ta ga yadda suke motsi, ta tambaye su ina duhu ke cutarsu. In ta fito ta gaya mashi, washegari a yi mashi iso, ya shiga da gawayi yana yin alama a bango: dogon ƙwai a kan murhu, ba a bayan mai girki ba don kar inuwarta ta rufe tukunya, ƙaramin ƙwai a hanyar makewayi, makunni ƙasa-ƙasa a ɗakin tsohuwa inda hannunta zai kai tana zaune. Mu majalisa mun sa shi gaba da tsiya. Na sha ce mashi, bawa, kai da injiniyarka wa ke ɗaukar wa wani jaka? Sai ya yi murmushi ya ce, tambayi matan unguwarku wa suke sa wa albarka.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da Lawal zai leƙo yau ya ga gidajenmu, me zai ce? Yanzu rana ma an kama ta an ɗaure a saman kwano, ana tatsarta kamar saniya. Ƙwai ya zama fari tas, ba ya zafi, ba ya cin wuta. Ka shiga falon ɗan zamani ka tarar da sili an yi mashi ado kamar kek ɗin biki, fitila na canza launi da rimot, yanzu shuɗi, anjima ja, kai ka ce motar asibiti aka faka a ɗakin. Amma ka leƙa bayan gidan, kakarsa na can tana laluben buta da hasken wayar jikarta. Na san abin da zai ce. Zai ce kayan aiki sun ci gaba, kai ne bai motsa ba. Kuma zai faɗe ta a hankali, yana kallon ƙasa, kamar mai ba da haƙuri.

To bari in zo kan mutumin nawa. Ba zan kira sunansa ba don yana da jikoki, su ba su yi mani komai ba. Honarabul muke ce mashi. Kafin nan kananzir yake sayarwa a Ƙofar Marusa, da kwalba da mazurari, kuma mazurarin nan nashi Allah ne kaɗai ya san iyakar cikinsa. Shekarar da soja suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, gari ya rikice da murna. Kowa ya zama ɗan siyasa, har da waɗanda ko sunan jam'iyyarsu ba su iya faɗa daidai ba. Cikin wannan guguwar mai kananzir ya wayi gari kansila. Babbar rigar da ya ɗinka, wallahi da an buɗe ta sai ta yi wa sahu biyu inuwa ranar Idi. Abu na farko da ya fara damunsa shi ne gidansu na gado a Ƙofar Kwaya bai yi kama da gidan mai mulki ba. Yana son a sake fasalin wutar gidan kafin walimar rantsarwa. Da yake Lawal ne ya yi wa gidan wayarin tun zamanin mahaifinsa, shi aka kira.

Rabi ta shiga kamar yadda aka saba. Ta zauna da matar gidan, Hajiya Kulu, da mahaifiyar Honarabul, Hajiya Yalwa, tsohuwa mai fara'a wadda idonta ya fara yana. Tsakanin ɗakin tsohuwar da bakin rijiya inda take alwala akwai matakala biyu, kuma wurin ko da rana inuwa gare shi. Washegari Lawal ya yi alamominsa ya fito zaure. Ina nan, don na raka shi ganin sabon mulki da idona.

"Malam Lawal, ina fitilun ƙofa?" in ji Honarabul.

"Ranka ya daɗe, ga ɗaya a zaure, ɗaya a waje. Sun isa a gane fuskar baƙo."

"Biyu? A gidan kansila? Sauran fa, ka kai wa aljanu?"

"Suna ciki, inda ake girki da alwala. Hajiya ba ta gani sosai."

Honarabul ya juya ya dubi 'yan korensa da suka cika tabarma, ya ce, "Au, na manta! Ashe kai ne mai wayarin da mata ke zana wa aiki." Aka bushe da dariya, irin dariyar nan ta masu jiran kwangila, wadda ake yi kafin a gama jin maganar. Sai ya jero abin da yake so: ƙwayaye masu launi su zagaye ƙofa suna ƙyaftawa, fitila mai rassa a zaure irin ta otal, manyan fitilu huɗu a saman soro masu hasko har titi. Lawal ya ce mashi wayar gidan nan kamar jaki take, kayan raƙumi kake son ɗora mata, in dai haka kake so sai a fasa bango a canza ta gaba ɗaya, kuma a fara da ciki. Honarabul ya ce walima saura kwana shida, ba ya da lokacin wa'azi. Ya sallame mu ko ruwa babu.

Ya samo wani daga wani gari, irin masu cewa an gama kafin ka rufe baki. Aka ɗora komai a kan tsohuwar waya. Ƙofa ta yi kyau, ban hana ta ba. Jemagun unguwar sai da suka yi ƙaura, zakaru suka riƙa cara bayan magariba don sun zaci gari ya waye. Sai dai da an kunna na waje gaba ɗaya, fis ya tashi. Maimakon a gyara, sai gwanin nan ya kafa wani babban makunni a bayan ƙofar madafa wanda ke yanke wutar cikin gida ɗungurungum. In baƙi sun zo, a aika ciki a ce a kashe, don ƙofa ta samu ta ƙoshi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ranar walima, ana idar da sallar magariba motocin manya suka fara isowa. Aka aika ciki, aka kashe. Hajiya Yalwa ta fito da butarta, ta taka inda take zaton ƙasa ce, ashe iska ce. Ƙugunta ya karye. Ba ta sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa bayan wata bakwai.

Wannan ƙaddara ce, kowa da sanadinsa, ban isa in yi jayayya da ita ba. Abin da ya biyo baya shi ne ba ƙaddara ba. Kwana biyu da faɗuwar, a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar, mutane na yi mashi jaje, Honarabul ya ɗaga murya ya ce wutar cikin gida mutuwa ta yi da kanta, ruɓaɓɓen aikin Lawal ne ya kassara mashi uwa. Ya ƙara da cewa abin da ke faruwa ke nan in mutum ya bar mace ta zana mashi aiki. A wancan lokacin maganar mai sabon mulki ta fi hatimi nauyi. Kowa na da ɗan da yake son a ɗauka aiki, kowa na da kwatar da yake son a gyara. Aka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Rabi ta je duba tsohuwa. Hajiya Kulu ta ja ta ƙuryar ɗaki tana kuka, ta ce da hannunta ta kashe makunnin, maigida ne ya aiko, ta roƙe ta don girman Allah kar maganar ta fita, aurenta da 'ya'yanta na kan siraɗi. Rabi ta gaya wa mijinta. Ni kuwa sai da na matsa mashi kamar mai matse ƙurji kafin ya gaya mani. Ina ji na miƙe ina neman takalmi. Ya riƙe mani riga ya ce, "Zauna, Sule. Maganar da mace ta gaya wa matata a cikin ɗaki ba zan shanya ta a ƙofar masallaci ba. Amana ce. Kuma in ka faɗa, ban yafe ba." Na ce, bawa, kai fa ake yankawa! Ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Wallahi tana hudawa. Na gani da idona. Aiki ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Wanda ya yi mashi alkawarin sabon gida sai ya ce an ɗage. Wanda ƙwansa ya mutu don tsufa sai ya ce a duba, ko aikin Lawal ne. Mutumin da ya haskaka rabin Ƙofar Kwaya da Ƙofar Durbi ya koma kan ɗan tebur a bakin hanya yana gyaran tocila da rediyo. Rabi kuwa nata ya fi ciwo. Gidajen da ake shimfiɗa mata darduma suka koma in ta yi sallama sai a yi ƙus. A gidan suna wata ta ce a matsa wa injiniya, kar ta zana mana karaya. Daga ranar ta daina shiga taron mata. Shekara huɗu Lawal ya yi a kan teburin nan, hawan jini ya kwantar da shi, kwana tara ya tafi. Honarabul ya zo jana'iza, ya tsaya sahun gaba, har da share ido da bakin rawani. Ranar na san cewa in haƙuri na kisa, da an haɗa mu kabari ɗaya.

Na riƙe bakina shekara ashirin da biyar, ni da ko sirrin miyar gidana ban iya riƙewa. Kansilan ya yi zango ɗaya, ya nemi ciyaman ya sha ƙasa, 'yan kore suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Fitila mai rassa tana nan a zauren, gizo-gizo ya yi mata hijabi. Amma ƙaryar ba ta tsufa ba. Ko bara na ji wani matashi da ba a haifa ba lokacin yana ce wa mai yi mashi aikin sola, ka yi da kyau, kar ka yi mani aikin Lawal. Sunan ɗan'uwana ya zama karin magana a bakin waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Watan jiya sai ga Hajiya Kulu a gidan Rabi, tana dogara sanda, tsufa da ciwo sun taru sun yi mata rubdugu. Ta durƙusa ta ce ba ta son ta tarar da Lawal da wannan kaya a kanta, ta sauke amanar, Rabi ta gaya wa duk wanda ta ga dama. Rabi ta aiko aka kira ni. Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar.

Na tarar da Honarabul a kan dakalin ƙofarsa da hantsi, yana korar ƙuda. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, ban rage mashi ko ɗaya ba. Sannan na gaya mashi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam Sule, a bar kaza cikin gashinta. Lokacin siyasa ne, kowa ya yi kuskure." Na ce, "Alhaji, kazar nan ranar Juma'a bayan la'asar zan fige ta a ƙofar masallaci. In ka ga dama ka zo ka riƙe mata ƙafa, in ba ka zo ba in fige ba kai."

Ya zo, don ya san rashin zuwan ma amsa ce. Na riga na roƙi liman a yi wa Lawal addu'ar cika shekara. Da aka shafa, na miƙe na ce jama'a a ɗan dakata. Na faɗi komai tiryan-tiryan, ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Liman ya juya ya ce, "Alhaji, haka aka yi?" Mutumin ya sunkuya yana laluben takalmi, ya sa ƙafar dama a na wani, ta hagu a nashi. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Haka ne."

Na kama kunnena na ce, "Gafarta Malam, me ya ce? Kunnen nan ya tsufa."

"Na ce haka ne."

"Wane haka? Waya ce ta mutu, ko kai ka aika a kashe?"

Liman ya ce, "Malam Sule, ya isa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ranar da ya faɗi waccan har mai shayi na tsallaken titi ya ji. Wannan ma ina son mai shayi ya ji."

Sai ya ɗago, gumi na bin gemunsa, ya ce da ƙarfi, "Ni na aika a kashe! Aikin Lawal lafiya lau yake. Ƙarya na yi mashi." Wasu tsofaffi da suka gyaɗa kai a wancan karon suka shiga salati, suna kallon tabarma kamar an rubuta masu wani abu a kai. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake kowa ba. Liman ya ce to sai a yafi juna. Na ce ni ɗan aike ne, masu haƙƙi biyu ne, ɗaya na ƙasa, ɗaya na gida.

Na kai wa Rabi labari ina tsammanin guɗa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Maza sun ji. Ni a gaban mata aka tozarta ni. Ka ce ya zo nan, kuma ba zaure ba, tsakar gida." Washegari da la'asar matan unguwa suka cika gidan, har da wadda ta yi maganar karaya, yanzu ba haƙori ko ɗaya. Aka yi wa Honarabul iso. Mutumin da ya ce mata ba su isa su zana aiki ba ya tsaya a tsakiyarsu, hula a hannu, ya maimaita abin da ya faɗa, ya ce a yafe mashi. Rabi ta dube shi ta ce, "Na ji, Alhaji. Nawa na yafe. Na Lawal kuma, sai kun haɗu."

Na zauna ina auna abin da ya rage na ɗan'uwana. Bai bar gida mai bene ba, bai bar shago da allo ba, shekarun da aka cinye mashi kuwa ba mai dawo da su, ko an tara duk limaman Katsina. Gaskiyar ta zo, amma ta zo bayan an share makoki da shekara ashirin da ɗaya, kuma ba zan yi maku ƙaryar cewa zuciyata ta yi sanyi ba. Ta dai rage tafasa. Abin da na sani shi ne sunansa ya dawo hannun iyalinsa a wanke, kuma duk wanda ya sake cewa aikin Lawal a garin nan, to yabo yake yi, in ba haka ba ya tarar da ni.

Bawana, ka riƙe amana har ta cinye ka, ni ban iya irin naka ba, kuma ban yi nadamar nawa ba. Yadda ka kori duhu daga hanyar tsofaffin mutane, Allah ya kore shi daga kabarinka, ya sa haske ta gabanka da ta bayanka. Shi kuma wancan, Allah ya ba shi tsawon rai, ya daɗe yana tunanin haɗuwar.